A duba ƙafar tsuntsu, ba fiffike kaɗai ba

Ya Edita, assalamu alaikum.

Duk sanda aka ɗauko labarin asalin tsuntsaye a shafin kimiyya, fiffike ake ta ambata: yaya aka fara tashi sama, yaushe gashi ya fito. Ni da na daɗe ina koyar da ilimin halittu, ina ganin an bar ɓangaren da mai karatu zai iya gani da idonsa a tsakar gida, wato ƙafa.

Wanda ya taɓa fige kaza ya san cinyarta kwance take a jikinta, gwiwar kuma tana ɓoye cikin gashi. Gaɓar nan da yara ke cewa gwiwa ce mai lanƙwasawa baya, idon sawu ne, don tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya. In yana taku, cinyar ba ta cika motsi ba, daga gwiwa zuwa ƙasa ake aikin. Dainoso masu ƙafa biyu, waɗanda masana suka gano cewa daga cikinsu tsuntsaye suka fito, ba haka suke ba. A 1990 Stephen Gatesy ya nuna cewa wata ƙatuwar tsoka ce da ta taso daga jela ta kama ƙashin cinya take jan ƙafarsu baya, irin wadda kada ke da ita har yau. Da jelar ta yi ta gajarcewa, tsokar ta ƙanƙance, sai aiki ya koma gwiwa.

Ba a tsaya nan ba. A 2013 Vivian Allen da John Hutchinson na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan suka auna siffofin jikin waɗannan dabbobi a kwamfuta, suka ga girman hannuwan da suka zama fukafukai ya fi gajarcewar jela tasiri wajen tura nauyin jiki gaba. Dole ƙafa ta biyo nauyin, shi ya sa tsuntsu ke tsayuwa a ɗan durƙushe. Wato labarin tashi da labarin tafiya ɗaya ne.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Chile a 2014. Bruno Grossi da abokan aikinsa sun ɗaura wa 'yan tsaki jela ta wucin gadi, suna sauya ta yayin da suke girma. Da suka zama kaji, cinyarsu ta fi miƙewa tsaye, kuma ta fi motsi wajen taku. Wasu sun ɗauki abin da raha, amma hujja ce mai ƙarfi, kuma kuɗin da ta ci ba ya fi ƙarfin kowace tsangayar dabbobi a jami'o'inmu ba.

Nan ne abin ke damuna. Zabo, tsuntsun Afirka, yana cikin waɗanda aka fi yin wannan bincike da su. A 2006 Monica Daley da Andrew Biewener na Jami'ar Harvard sun sa zabi gudu a kan hanya mai ɓoyayyen rami da aka rufe da takarda, suka ga yadda suke faɗawa su wuce ba tare da sun kife ba. Masu ƙera mutum-mutumi mai ƙafa biyu suna amfana da irin wannan sani. Ƙasusuwan kuma a maƙwabta suke: Paul Sereno ya tono dainoso biyu masu ƙafa biyu, Afrovenator kusa da Ingal a 1993, da Suchomimus a Gadufawa a 1997, duk a jihar Agadas. Ba kakannin tsuntsaye ne kai tsaye ba, dangi ne na nesa, amma ƙugunsu da jelarsu suna nuna tsohon salon tafiyar ƙarara.

Roƙona shi ne ku tura wakili gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya ɗauko hotunan ƙasusuwan da ke can, ku buga su gefe da gefe da ƙashin ƙafar zabo, sannan ku sami malamin jami'a ya yi bayani da Hausa. Mu malaman sakandare za mu yanke shafin mu shiga da shi aji.

Naku,
Malamin ilimin halittu, Funtuwa