Wasiƙa daga Landan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Mu nan sanyi ne kawai ya sa mu gaba, sai hamdala.

Maganar masu kwana a titi da muka fara a waya kati ya yanke mana, ka ce wai kai ba ka yarda akwai talaka a Ingila ba, to wallahi akwai, kuma akwai wani dattijo John Bird da nake so ka san labarinsa. A 1946 aka haife shi a Notting Hill, lokacin unguwar talakawa ce tuburan, yanzu ko haya ba ka isa ka kama a wajen ba. Yana shekara 5 iyayensa suka rasa muhalli, daga nan sai gidan marayu, sai sace-sace, sai gidan kangararrun yara da kurkuku, kuma a tsare ɗin ne ma ya iya karatu da rubutu sosai, daga baya ya koyi aikin ɗab'i.

A 1991 shi da Gordon Roddick na kamfanin The Body Shop suka fito da mujallar Big Issue, Roddick ɗin ne ya ga irinta a New York ana ce mata Street News. Yadda abin yake, marar gida zai saro mujallar a rabin kuɗi ya tsaya bakin tasha ko ƙofar kanti da jar riga da katin shaida a wuya ya sayar, ribar tasa ce, idan ya yi kwantai kuma asararsa ce. Nan ne fa abin ya burge ni, don an mai da mutum ɗan kasuwa mai lissafin jari, yana kallon idonka kana kallon nasa, ba mai miƙa hannu ba. Har Japan da Ostareliya da Afirka ta Kudu abin ya kai.

A 2015 aka sa shi a majalisar dattawansu ta Lords, ba ya kowace jam'iyya, can ma bai yi shiru ba, ya kawo ƙudurin cewa ɗan haya da ke biya a kan lokaci a riƙa lissafa masa hakan idan ya je neman bashi. Kullum ƙorafinsa gwamnati sai mutum ya faɗi take zuba kuɗi maimakon ta tare tun yana yaro. Wasu na ganin bakinsa ya yi kaifi don yana sukar ba mabarata kuɗi a hannu, ni kaina ban bi shi gaba ɗaya a nan ba, mai yunwar yau ai ba zai jira tsari ba.

Kar ka ce a kwaikwayi mujalla a can gida, wa ke sayen jarida yanzu kowa na kan waya, amma ka kai maganar sari a rabin kuɗi ɗin wajen ƴan ƙungiyarku ka ji me za su ce.

Ka gaida mutan majalisa duka, ka turo min hoton yaran.

Naka,
amininka