A sama wa mai shayi rumfa da famfo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan teburin mai shayi.

Makon jiya da na fito masallaci bayan sallar asuba, na biya teburin da na saba karyawa a nan Ƙofar Ƙaura, sai na tarar wayam. Ba benci, ba tukunya, sai toka a inda murhunsa yake. An ce masa ya kwashe don ya tare hanya. Bawan Allahn nan ya fi shekara goma sha biyar a wurin. Masu gadin da suka kwana aiki, masu Keke Napep, leburori da ɗalibai duk a hannunsa suke karyawa, wasu ma bashi yake ba su sai ƙarshen wata. Ranar na koma gida raina a ɓace, ina ta tuna wani shago a Malesiya, inda na yi shekara uku ina karatu.

A can suna kiran irin wannan wuri kopitiam. Kopi gahawa ke nan da harshen Malay, tiam kuma shago da wani harshe na Sinawa. Wanda nake zuwa yana da shaidar halal, domin ba kowane kopitiam ne Musulmi zai shiga ya ci ba. Abin karyawar bai da yawa: burodi yanka biyu da aka gasa a kan gawayi har ya yi ƙamas-ƙamas, a shafa masa wani abu da suke kira kaya, a sa yankan bota mai sanyi a tsakiya. Kaya ɗin nan madarar kwakwa ce da ƙwai da sukari da wani ganye mai ƙamshi da suke kira pandan. A kan tukunyar ruwan zafi ake ɗora kwanon, a yi ta juyawa a hankali har ya yi kauri kamar man gyaɗa. In aka yi gaggawa ƙwan ya guntse, an yi asara. Sai a kawo maka ƙwai biyu da ba su gama dahuwa ba, ka fasa a faranti, ka ɗiga baƙin romon waken suya da farin masoro, ka riƙa dangwala burodin. Ranar farko na kasa cin ƙwan nan. Kafin wata biyu ni ke neman ƙari.

Gahawar kuma da sukari da bota ake soya 'ya'yanta, a tace da jakar ƙyalle. Ka ce kopi a kawo maka da madara mai kauri, ka ce kopi-o a kawo baƙa da sukari, kamar dai yadda mu a nan wani zai ce a yi masa kauri, wani ya ce ruwan bunu. Da na ga yadda suke shayinsu na teh tarik, ana ɗaga kofi sama ana tsiyayowa cikin wani har ya yi kumfa, wallahi sai na ji kamar ina Katsina. Hannun mai shayinmu ne sak.

Abin da nake so mutanenmu su sani shi ne, wannan sana'a ta talakawa ce tun asali. Baƙi ne daga tsibirin Hainan na ƙasar Sin, da yawansu kuku-kuku a gidajen Turawan Ingila, suka koyi gasa burodi, suka buɗe nasu ƙananan wurare. Wani kopitiam mai suna Ya Kun, wanda yau yake da rassa a ƙasashe da dama, daga ƙaramar rumfa ya fara a Singafo a 1944. Singafo ma ta taɓa cika da masu sayar da abinci a bakin titi. Gwamnatinsu ta yi musu rajista, sannan a shekarun 1970 da 1980 ta gina musu cibiyoyi masu rufi da ruwan famfo da magudana, ta mayar da su ciki. A 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, a 2024 kuma ta sa al'adar karin kumallon Malesiya.

Ban ce teburanmu ba su da laifi ba. Na sha ganin kofi ashirin ana ɗauraye su a bokiti ɗaya, kuma wasu lallai suna cin titi. Amma wanda yake sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, ga tsadar sukari da madara da burodi tun da aka cire tallafin mai a 2023, da me zai riƙa canza ruwan wanki? Ba shi famfo tukuna, sannan ka kama shi da laifin ƙazanta.

Roƙona ga masu iko da tsarin gari shi ne, kafin a ce wa mai shayi tashi, a nuna masa inda zai koma. A ware ɗan fili kusa da tashoshin mota da kasuwanni da bakin ƙofofi, a yi rumfar kwano da famfo da wurin zuba shara, a haɗa shi da mai koko da ƙosai da mai waina, a sa musu kuɗin haya daidai ƙarfinsu. Masu hali na unguwa ma za su iya ɗaukar nauyin rumfa ɗaya, sadaka ce mai gudana.

Shi kuwa mai shayinmu, shekaranjiya na gano shi a wani lungu, ya raɓa jikin katangar wani gida. Benci ɗaya kawai wurin ya ɗauka, sauran mutane a tsaye suke sha. Ya ce mini maigidan ya ba shi aron wurin zuwa faɗuwar damina.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.