Likita, an ce jinina bai kai na aikin gyaran ciki ba

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ina yi miki sannu da ƙoƙari. Kullum ina kicin ina sauraron amsoshin da kike bai wa mutane a rediyo, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana da unguwarmu, domin ko mahaifiyata ba ta san zancen nan ba.

Shekarata 36, malamar makaranta ce ni a Kaduna. 'Ya'yana huɗu, uku daga cikinsu da aiki aka ciro su. Tun haihuwar auta, yau shekara uku, cikina bai koma ba. Na yi ruwan zafi, na yi ɗaurin ciki, na sa bel har ya ci mini ƙugu, na bar tuwon dare da lemon kwalba na rage kilo 14. Sai abin ya ƙara fitowa, don fatar ce ta saki ta zubo ta rufe tabon aikin. Idan na kwanta rigingine na ɗaga kai, yatsuna uku suna shiga a saman cibiya, an ce naman cikin ne ya rabu. Da zafin Maris da Afrilu ƙasan teɓar yakan jiƙe da gumi, ya yi ja, ya sale, har wari yake yi. Ƙyallen tsohuwar atamfa nake ninkewa in cusa a wurin kafin in tafi aji. Kwanaki a gidan biki wata dattijuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya raba lafiya, 'yar nan." Na ce amin, na shiga banɗaki na yi kuka.

Wata ƙawata mai zuwa Turkiyya sarin kaya ce ta haɗa ni da wata dillaliyar asibiti a can. Aikin da suka tsara mini shi ne a yanke fatar da ta zubo daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗinke naman da ya rabu, a sake wa cibiya wuri, sannan a zuƙe kitsen gefe da baya, duk a shiga ɗaya. Maigidana ya yi ta jan ƙafa, daga baya da ya ga yadda wurin ke salewa ya amince. Na kwashi adashe biyu na tura kafin alƙalami. Sai suka ce in yi gwajin jini a nan in aika musu.

A nan aka samu matsala. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya zagaye layi ɗaya da jan biro ya ce in kai wa likita. Ƙwayoyin da ke tsaida jini ne, waɗanda suke kira filatilet. A jikin takardar an rubuta cewa na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa 450,000, nawa kuwa 82,000. Sai a lokacin na tuna a haihuwar auta an fasa yi mini allurar baya, aka sa ni barci gaba ɗaya, aka ce "jininki bai kai ba". Ni na ɗauka ƙarancin jini irin na masu ciki ake nufi, na dage da zogale da hanta. Ashe wannan daban ne. Dasashina ma yakan yi jini idan na yi asuwaki, al'adata takan kai kwana takwas da gudaji, kuma ko gefen benci na buga sai wurin ya yi baƙi. Duk ban ɗauke su komai ba.

An tura ni wurin likitan jini a asibitin koyarwa, kuma gaskiya ya ba ni lokacinsa. Ya ce wani lokaci ƙwayoyin kan dunƙule a cikin kwalbar gwaji mai murfi launin shunayya, na'ura ta ƙirga su kaɗan alhali lafiya lau suke, don haka aka sake ɗiba a mai shuɗin murfi, aka kuma duba a madubin likita. Sakamako ya fito 79,000. An duba zazzaɓin cizon sauro, da ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki, an yi hoton hanta da saifa, duk babu komai. Ya ce abin da ya fi zato garkuwar jikina ce ke cinye ƙwayoyin da kanta. A cewarsa, a wannan adadin ba ma sai na sha magani ba, a dai riƙa sa ido. Ya hana ni asfirin da ibufurofen da dikilofenak, ni da dikilofenak ne abokin ciwon bayana.

Da na kawo zancen aikin sai ya ajiye biro. Ya ce aikin dole, kamar na haihuwa ko haɗari, ana iya yinsa idan ƙwayoyin sun haura 50,000. Amma wannan ba dole ba ne, kuma fata ake ɗagewa mai faɗi, ga ƙarfen zuƙe kitse da ke kai da komo a ƙarƙashinta, jini na iya taruwa a ciki sai an sake buɗewa. Ya ce likitoci da yawa ba sa taɓa irin wannan aiki ƙasa da 100,000. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ya ce aikin gyaran ciki na cikin waɗanda ke jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, har gudan ya tafi huhu, shi ya sa ake yin allurar tsinka jini bayansa. To ni da jinina ba ya tsayawa da wuri, a tsinka shi kuma? In ba a tsinka ba, ga doguwar tafiya a jirgi ina zaune. Gaba kura baya sayaki.

Na tura wa dillaliyar takardun. Cikin minti goma ta amsa da saƙon murya, wai ba komai, za su ƙara mini ledar filatilet kafin a shiga da ni, wai sun saba. Ba ta tambayi dalilin ƙarancin ba, kuma har yau ban yi magana da likitan da zai riƙe wuƙar ba. Da na gaya wa likitan jini sai ya ce ko ƙwayoyin mai lafiya kwana 7 zuwa 10 suke yi a jiki, na aro kuwa a jiki irin nawa garkuwar na iya cinye su cikin sa'o'i.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Ƙawar tawa ta ce in sayi furednisolon, wani magani mai danne garkuwar jiki, a kemis in sha na sati biyu, adadin zai hau, in sake gwaji in tura musu sabuwar takarda, in yi shiru da tsohuwar. Likita, na saya. Yana cikin jakata ban ɓalle ko ɗaya ba, amma ban jefar ba.

Shi ya sa na rubuto miki. Mai irin matsalata tana da ranar da za a yi mata wannan aiki cikin aminci, ko in cire rai? Idan likitan jini ne da kansa ya ɗaga adadin da magani, ya tsaya a kai tare da likitan fiɗa da mai sa barci, hakan ya wadatar? Na kuma ji ana iya cire fatar da ta zubo kaɗai a bar zuƙe kitsen. Shin hakan zai rage haɗarin sosai, kuma ana yinsa a asibitocin koyarwa na nan gida, inda fayil ɗina yake, inda kuma 'yan uwana za su iya ba da jini in ta kama? Ni yanzu ba ƙugun 'yan mata nake nema ba, in dai zan rabu da ƙyallen nan.

Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in cika kuɗin, in ba haka ba kafin alƙalamin ya bi ruwa. Maigidana bai san da maganar furednisolon ba, kuma tare muke sauraron shirinki wani lokaci, don haka in za ki amsa, ki ce wata baiwar Allah ce daga Kaduna.

Wassalam,
Mai sauraronki a kullum.