Wasiƙar Sashen Lissafi: Lambar da Ta Hana 'Yan Aji Biyu Fita Tara

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yaranmu.

Wasunku sun aiko suna tambaya me ya sa yara ke ta rubuta 142,857 a bayan littattafai, har da jikin bango. Laifinmu ne, ban da na bangon.

Abin ya samo asali daga wata tambaya ta rabon gado da muka ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Mutum ya rasu ya bar naira 1,000,000, magadansa 'ya'yansa ne kaɗai, maza uku da mace ɗaya. Namiji yana da rabon mata biyu, ke nan kaso bakwai za a yi. Kowane kaso ya tashi naira 142,857, naira ɗaya ta yi saura. Wata yarinya da ta zo lissafa rabon namiji ta samu 285,714, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai alƙaluman ɗazu ne suka sauya wuri."

Gaskiyarta. In aka ninka 142,857 sau 3 ya ba da 428,571, sau 4 ya ba da 571,428, sau 5 kuwa 714,285, sau 6 kuma 857,142. Alƙaluma shida ne suke zagayawa, ba wanda ya tsallake ɗan'uwansa a layi. Da aka kai sau 7 sai ga 999,999. Ranar an kaɗa ƙararrawar tara, ba wanda ya motsa.

Ba siddabaru ba ne, kuma mun fi so yaran su riƙe dalilin fiye da mamakin. In ka raba 1 gida 7 da doguwar rabawa, alƙaluman amsar su ne 1, 4, 2, 8, 5, 7 suna ta maimaituwa kamar zobe, saurar da ke fitowa kuma ita ce 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1, a koma farko. Duk saurar da 7 za ta iya bari sai da ta bayyana kafin a maimaita, shi ya sa ko daga ina ka fara, zoben nan ɗaya za ka bi. Da 13 hakan ba ya faruwa, amma 17 tana ba da zobe mai alƙaluma 16.

Daga nan muka bi sauran halayen 142,857. Mara ce, ba cika ba. Ba ta cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, domin 3 × 3 × 3 × 11 × 13 × 37 ne suka haɗa ta, kuma lambobi 32 ne ke raba ta ba saura. Ku ninka ta da kanta, za ku samu 20,408,122,449. Ku tsinka wannan gida biyu, 20,408 da 122,449, ku tara, sai ta dawo. Irin waɗannan ana kiransu lambobin Kaprekar, sunan wani malamin makaranta ɗan Indiya da ya rasu a 1986.

Roƙonmu a wannan mako: kowane yaro zai zo gida da aikin ninka 142,857 sau 8 har zuwa sau 13, ya nemo inda zoben ya ɓuya. Don Allah kada a ba su waya su latsa. Takarda da fensir sun isa, ko alli da allo. In mai gida ko mama na da hali, a zauna a yi tare bayan sallar isha'i. A kawo littattafan ranar Litinin.

Wassalam.
Shugaban Sashen Lissafi