Rahoton ayyukan bana daga sakataren ƙungiyarmu ta masu kiwon shanu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mitin na wata-wata an yi, wanda ya zo ya san abin da aka ce.

Abin da ya fi yi mana daɗi bana shi ne ranar duba shanu da muka yi ƙarshen rani. Likita ya zo da na'urar sikanin ta aro, ana zura ta ta dubura sai ga gidan ƙwai a allo, 'yan jakunkunan ruwan nan da ƙwai ke ciki suna fitowa baƙi-baƙi, har dattawan da suka ce wasan yara ne sai da suka matso. Ya nuna mana yadda suke tasowa rukuni-rukuni sau 2 ko 3 cikin kwana 21 na zagayen saniya, ɗaya ta danne sauran, a irin Bunajinmu in ta wuce milimita 10 ta kusa fashewa ta saki ƙwai. Wadda ta kai milimita 25 ta zauna sama da kwana 10 ba ta fashe ba, wannan sai magani. Amma wallahi yawancin waɗanda aka rantse juya ne har ana maganar kai su kasuwar kara, da aka duba ba ciwon komai, jakunkunan ƙanana ne sun ƙi girma, yunwa ce kawai. Saniya tun Janairu tana kan busasshen kara kana ƙirga haƙarƙarinta, ta ina za ta nemi sa? Waɗanda suka ji magana suka ba da harawa da dusa da gishirin lasa sun ga bambanci tun kafin damina ta zauna.

To maganar sayen namu sikanin da ake ta jifa na da ita a WhatsApp, da me za mu saya? Kuɗin wata fiye da rabinku ba ku biya ba, ni nake bi gida-gida da man babur ɗina, a ce Alhaji ya fita alhali ga takalminsa a ƙofa. Tukunyar ajiye maniyyi ma tana nan ba naitirojin, ruwan sanyin da ke hana maniyyin lalacewa, shi ya sa barbarar allura, wato ɗura wa saniya maniyyi ba tare da sa ba, ta tsaya, ba wai an ci kuɗin ba kamar yadda wasu ke faɗa a majalisa. Tafiya NAPRI Shika, cibiyar binciken dabbobi ta Zariya, da muka shirya ita ma kuɗin mota ya hana.

Littafin ma'aji yana nan, mai zargi ya zo mitin na gaba ya duba, ya taho da bashinsa.