Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Kokowar Yara ta Unguwarmu, Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan ƙungiya, iyayen yara maza da mata, masu horarwa da sauran 'yan'uwa membobi, kwamitin gudanarwa na gaishe ku, da fatan an ga kaka lafiya. Ga bayanin abin da aka yi a shekarar da muke rufewa, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. Mun tura shi a zauren WhatsApp tun kafin ranar taro domin kowa ya karanta a natse. Wanda ba ya karatun boko a taimaka a karanta masa, kada a zo taro ana jin magana karon farko.

Sababbin yara da tsofaffin hannu

Babban aikin bana shi ne buɗe ƙofa ga yaran da ba su taɓa shiga fage ba. Kun tuna a taron bara iyaye mata sun koka cewa ƙungiyar ta zama ta gwanaye kaɗai. Yaro ya zo bai iya komai ba, ranar farko a haɗa shi da wanda ya daɗe a fage, a maka shi da ƙasa, 'yan kallo su sa ihu, daga ranar ba a ƙara ganin ƙeyarsa. Taro ya yanke a raba yaran gida biyu, kowane gida da ranakunsa da mai horar da shi, kuma haka aka yi tun farkon hunturu.

Sababbi ba a fara musu da kamu ba. An fara musu da faɗuwa. Makonnin farko duka a kan yadda yaro zai faɗi bai ji ciwo ba suka ƙare: ya sa haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, kada ya miƙe hannu ya tokare domin nan ne wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce, ya mirgina ta kafaɗa ya tashi. Bayan wannan sai tsayuwa, ƙafa a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu a ƙasa, ido a kan ƙugun abokin karawa domin fuska tana yaudara. Sai da mai horarwa ya gamsu da waɗannan biyun kafin a shiga riƙon hannu da na ƙugu, can daga baya a zo taɗiya da kwasar ƙafa. Ɗaukar mutum sama a jefar ba a koya wa sababbi ita ba sam, kuma ba za a koya musu ba sai sun shekara.

Ba kowa wannan tsari ya yi wa daɗi ba. Akwai mahaifin da ya zo har fage ya ce shi ɗansa ya kawo a koya masa kayar da mutane, amma kullum ya leƙo birgima yake gani. Mun ba shi haƙuri, mun nuna masa dalili. Mu a kwamiti muna nan a kan bakanmu: babu ɗan kokowar da ba a taɓa kayarwa ba, kuma yaron da ke tsoron ƙasa ba ya sakin jiki ya kai hari, sai dai ya ƙanƙame abokinsa yana jiran usur. A bana sababbin da suka tsaya har ƙarshen shekara sun fi waɗanda suka janye yawa nesa ba kusa ba, abin da a da akasinsa muka saba gani. Sunayensu na cikin littafin halarta, mai son dubawa ya nemi magatakarda.

Tsofaffin hannu kuwa an ƙara musu nauyi. Ban da nasu horon, wato haɗa dabara biyu ko uku a jere, juya kamun abokin karawa ya koma kansa, gudu da safe don numfashi, an ɗora wa kowane ɗayansu ƙanensa a cikin sababbi. Rana ɗaya a mako yakan zo ya riƙe masa, ya bari a taɗe shi da gangan har sai ƙaramin ya gane inda ƙafa ke shiga. Da farko sun ga abin raini ne. Ɗaya daga cikin gwanayenmu ma ya daina zuwa a kan haka, duk da dattawa sun je har gidansu sau da dama. Mun ji rashinsa, ƙofa kuma a buɗe take. Amma masu horarwa sun shaida cewa waɗanda suka yarda suka koyar, kamunsu ya gyaru, domin wanda zai nuna wa yaro abu a hankali dole ya fara sanin yadda shi kansa yake yin sa. An kuma fara ba manyansu usur suna alƙalancin karawar ƙanana a gaban mai horarwa.

Maganar sikeli

Nan ne aka fi ja-in-ja, har a cikin kwamiti. Da, bisa shekaru da tsawo ake haɗa yara, a duba da ido a ce wannan sa'an wannan ne. Bana mun sayi sikeli, ana auna kowa a farkon wata, ba a haɗa biyu sai nauyinsu ya yi kusa.

Wasu daga cikin iyayenmu dattawa sun ce wannan ba kokowar da suka gada ba ce. Hujjarsu ita ce a gasar Takobi, babbar gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, ba a auna kowa, ƙarami kan kayar da ƙato, kuma daɗin abin ke nan. Maganarsu gaskiya ce, amma can manya ne waɗanda ƙashinsu ya gama ƙwari, kowannensu sai da ya tsallake zaɓen jiharsa kafin ya kai wurin. Ƙashin yaro kuwa yana kan girma, kuma yara biyu 'yan shekara ɗaya sai ka tarar ɗaya ya fi ɗaya da kilo masu yawa. Ko manyan ma, idan suka je gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, bisa nauyi ake raba su. An rabu a kan sikeli ya zauna, amma a ranar wasan rufe shekara a bar karawa ɗaya ta manyan yara ba tare da awo ba, da yardar iyayensu. Muna jan kunne da babbar murya: kada wani ya hana yaro abinci ko ruwa don ya sauka rukunin ƙasa. Wanda aka kama da haka, ko mai horarwa ne, zai gurfana gaban kwamiti.

Yadda shekara ta gudana

Hunturu shi ne lokacin aiki, fage kan cika bayan la'asar. Da azumi ya kama an dakatar da karawa, aka bar motsa jiki kaɗan ga ƙananan da ba su fara ɗauka ba. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, yashi kan yi zafin da ba ya takuwa, sai aka mayar da horo bayan sallar asuba a ranakun da babu makaranta, aka ajiye randa biyu a gindin bishiya. Damina kuwa an san ta, yara da yawa sun tafi gona, wasu ƙauye wurin kakanni, ba mu matsa wa kowa ba.

Fagen kansa ya sha gyara. An kwaso sabon yashi daga gulbi a amalanke kafin ruwa ya zo, matasan unguwa suka tankaɗe shi da rariya. Abin da aka fitar na kwalba da ƙusa da ƙashi ya isa ya tsorata duk mai ɗa a nan. An kewaye fagen da buhunan yashi irin yadda ake yi a babban fili, yanzu kuma kafin kowane horo yara kan jeru su bi shi da ido da tafin ƙafa. Matsalar da ta rage ita ce dabbobi da ke kwana a ciki da dare, don haka batun shinge na cikin abin da za mu kawo gabanku.

Ta fannin lafiya, alhamdu lillahi ba a samu karaya a fage ba. An samu targaɗe da ƙujewa, waɗanda akwatin magani ya wadatar. Abin da ya ba mu wahala makero ne. Ya ɓulla a kan wasu yara a tsakiyar hunturu, kuma da yake cuta ce da ke bin haɗuwar fata da fata, nan da nan ta fara yawo. Wani ma'aikacin lafiya daga cikin iyaye ya duba yaran kyauta, aka ware masu ita har suka warke, aka hana aron riga da tsumman goge jiki. Daga nan aka kafa dokar yanke farce da duba fata da kai kowane mako. Wata dokar da muke roƙon iyaye su riƙe: yaron da kansa ya bugu har ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ba ya komawa fage ranar, kuma sai likita ya gan shi. Haka wanda ake zaton ya goce ko ya karye, a fara kai shi asibiti a ɗauki hoto. Ba raina masu ɗori muke yi ba, so muke a san abin da ke ciki kafin a ja.

Takobi da abin da ya biyo bayanta

Lokacin gasar Takobi mun aro talabijin muka kafa a bakin fage, yara suka kalli Tele Sahel tare da masu horarwa, ana tsayawa ana yi musu bayanin kaye. Wani dattijonmu da ya yi kokowa a ƙuruciyarsa ya ba su tarihi: an fara gasar a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya fara ɗaukar takobin, shi ya sa babban filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Damagaram ke ɗauke da sunan Langa-Langa, na Doso kuma Salma Ɗan Rani. Ya lissafa musu jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, tamanin ke nan, takobi kuma ɗaya. Yaran da yawa Isaka Isaka na Doso kaɗai suka sani, saboda yawan ɗaukar da ya yi a shekarun nan.

Sai dai bayan gasar mun ga abin da ba mu so. Yara suka fara zuwa da guraye da layu a damtse da ƙugu, wani har da kwalbar rubutu yana yayyafawa. Ba mu shiga abin da kowane gida ya yarda da shi ba, amma guru mai ƙarfe ko ƙaho yana yanka abokin karawa, kuma yaron da ya sa a ransa laya ce ke kayarwa ba ya zuwa gudun safe. An hana shiga fage da komai ban da gajeren wando. Kirari da kiɗa kuwa an bar su a ranakun wasa, domin kokowa ba ganga ba ta da armashi. Abu na biyu ya fi muni: wasu samari 'yan kallo sun fara caca a kan karawar yara, har ana kiran yaro gefe a yi masa alkawarin kuɗi. Mun kai maganar gaban mai unguwa, ya tsawata, an samu sauƙi. Duk wanda ya ƙara ganin haka ya sanar da kwamiti a take.

Mun yi karawar sada zumunta da yaran wata unguwa, mun je sun zo. Sababbinmu sun sha kaye, sun kuma tashi suna dariya.

Kuɗi

Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a taro da rasiɗai a hannu. A taƙaice, yashi da amalanke da sikeli su suka cinye mafi yawan abin da ya shigo, sai magani da kuɗin mota. Masu horarwa ba a biyansu ko dala, Allah ya saka musu. Kuɗin wata ba ya shigowa yadda ya kamata, musamman da damina, kuma da ba don wani ɗan kasuwa da ya nemi a sakaya sunansa ba, da an rufe shekara da bashi. Ba a kori yaro ko ɗaya don rashin biya ba, marayu kuma ba a karɓar komai a hannunsu.

Mai son kawo ɗansa

Za a buɗe rajista mako biyu bayan taro, yanzu da makarantu suka koma. Uba ko uwa ko mariƙi ya zo da yaron da kansa, da takardar haihuwa in akwai, ya sa hannu ko ya dangwala. Almajiri malaminsa ne zai tsaya masa. A faɗa mana gaskiya idan yaro na da asma, farfaɗiya, sikila ko tsohuwar karaya, domin a nemi shawarar likita tukuna. Wanda ya ce ya iya, ko daga wane fage ya zo, zai yi mako guda tare da sababbi mai horarwa ya ga faɗuwarsa kafin a ɗaga shi. Sharaɗin makaranta na nan daram: yaron da malaminsa na boko ko na allo ya kawo ƙarar yana fashi, za a dakatar da shi daga fage sai ya gyara.

Wasu iyaye sun tambaya ko za a karɓi 'yan mata, suna kafa misali da Blessing Oborududu ta Najeriya da ta ci azurfa a kokowar zamani a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Ra'ayin kwamiti ya rabu. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba zai yiwu ba sai da mace mai horarwa da killataccen wuri, mu kuwa ba mu da ko ɗaya a yanzu. Mun bar wa taro.

Saboda haka abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a su ne shingen fage da yadda za a tara kuɗinsa, batun 'yan mata, da ko za a ƙara wa sababbi rana ɗaya a mako, wanda ke nufin rage ɗaya daga ranakun tsofaffin hannu. Wa'adin ma'aji da na mataimakin shugaba ma ya cika, mai sha'awar tsayawa ya ba magatakarda sunansa kafin ranar. Iyaye mata, an tanadi tabarmi a ɓangarenku, za a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba.

Wassalam.

Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa.