A Daina Yi Wa Kwamfutar Jama'a Fomat Don Kawai Folda Ta Canja Fuska

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu amfani da kwamfuta, musamman abokan sana'ata masu shagunan buga takardu da gyara a nan Kaduna, kan wata matsala da ake raina ta alhali tana jawo wa jama'a asarar kuɗi da ta muhimman takardu. Mutum zai buɗe foldar da ya saba ganin kayanta a jere, kowane fayil da sunansa da kwanan watansa da girmansa, sai ya tarar ta koma manyan hotuna, ko ta rarrabu rukuni-rukuni, ko kuma ta nuna masa babu komai a cikinta. Daga Tudun Wada har Kawo, amsar da aka fi ba irin wannan bawan Allah ita ce kwamfutarsa ta kamu da cuta, sai an yi mata fomat. A mafi yawan lokuta wannan magana ba gaskiya ba ce, domin fayilolin suna nan yadda aka ajiye su, yadda ake nuna su ne kawai ya sauya. Goge kwamfuta gaba ɗaya a kan haka daidai yake da mutum ya rushe ɗakinsa don an canja wa kujerunsa wuri.

Tun da kusan duk kwamfutocin da ke ofisoshinmu da shagunanmu Windows suke amfani da ita, kuma da Turanci aka saita su, zan kawo sunayen wuraren da ake dannawa yadda suke a rubuce a allo, domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

Manhajar da ke buɗe folda, wato File Explorer, tana da siga 8 na nuna kaya: huɗu na gumaka ne daga manya ƙwarai zuwa ƙanana, sauran kuma su ne "List" da "Details" da "Tiles" da "Content". Ana zaɓar wanda ake so a ƙarƙashin "View". Abin da ya fi rikita sababbin hannu shi ne, idan mutum ya riƙe maɓallin Ctrl ya murza 'yar tayar da ke tsakiyar linzami, siga tana canjawa nan take ba tare da wata sanarwa ba. Mai buga takarda yana cikin sauri, ɗan yatsansa na hagu yana kan Ctrl don zai kwafi abu, na dama kuma ya taɓa tayar, shi ke nan folda ta kumbura. Maganin wannan bai wuce a sake murzawa baya ba, ko a danna Ctrl da Shift da lamba 6 a tare domin a koma "Details".

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da mutum ya gyara, ya rufe, ya dawo washegari ya tarar an koma gidan jiya, ko kuwa ya gyara folda ɗaya ta kusa da ita ta ƙi bi. Dalilin haka shi ne Windows ba ta ɗaukar duk folda a matsayin abu guda. Ta kasa su gida 5: ta kaya gama-gari, ta takardu, ta hotuna, ta sauti, da ta bidiyo, kuma kowane gida da sigarsa da irin bayanan da yake nunawa. Bayan haka ita da kanta take leƙa abin da ke cikin folda ta yanke hukuncin gidan da za ta saka ta. Ka ɗauki misalin magatakardan makaranta da ke da foldar takardun ɗalibai, cike da fayilolin rubutu, sai lokacin rajistar jarrabawa ya zo ya zuba hotunan fasfo na yara masu yawa a ciki. Windows tana iya ganin hotuna sun rinjaya ta mayar da foldar ta hotuna, sai ya wayi gari ya ga fuskokin yara sun cika allo, jerin da ya saba bi ya ɓace. Babu abin da ya lalace. Abin da zai yi shi ne ya danna foldar da ɓangaren dama na linzami, ya shiga "Properties", ya buɗe shafin "Customize", a wurin da aka rubuta "Optimize this folder for" ya zaɓi "General items" ko "Documents", sa'annan ya sa alama a 'yar akwatin da ke ƙasa wadda ke cewa a yi wa duk ƙananan folda da ke ciki haka. Wannan gyara yana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. A kwamfutocin hannu da suka yi shekaru, waɗanda su ne mafi yawa a shagunanmu, foldar da aka ɗauka ta bidiyo ce ko ta hotuna takan daɗe kafin ta buɗe, kana kallon koren layi yana jan ciki a saman taga, domin manhajar tana ƙoƙarin karanto tsawon kowane bidiyo da fitar da ɗan hotonsa. Da zarar an mayar da ita gama-gari sai nauyin ya ragu.

Wanda yake son tsari ɗaya ya game ko'ina sai ya fara gyara folda guda yadda yake so, ya faɗaɗa layin suna, ya ƙara ko ya rage bayanan da ake nunawa, sa'annan daga cikin wannan foldar ya shiga "Options", ya buɗe shafin "View", ya danna "Apply to Folders". A Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ana samun "Options" ne a ƙarƙashin ɗigo uku da ke saman taga. Sai dai a lura, wannan umarni yana aiki ne a kan folda masu gida ɗaya da wadda ake ciki kaɗai. Idan daga foldar takardu aka danna shi, ta hotuna ba za ta motsa ba, dole sai an bi kowane gida an maimaita. Rashin sanin wannan ne yake sa mutane da yawa su ce sun gwada bai yi ba. Haka kuma yana da kyau a rufe tagar da hannu bayan an gama gyara, ganin yadda wuta ke ɗaukewa ba sallama, domin kwamfutar da ta mutu farat ɗaya tana iya tashi ba ta riƙe abin da aka saita ba.

Foldar "Downloads" kuma tana da nata halin. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2019 take kasa kaya bisa lokacin da suka shigo: na yau, na jiya, na makon jiya, na watan jiya, har da na can da daɗewa. Kowane rukuni yana da ɗan kibiya a gefensa, wanda idan aka taɓa shi sai rukunin ya naɗe, sunan kawai ya rage. Na ga wata malamar makaranta da ta shigo hankalinta a tashe, tana cewa takardar shaidar biyan kuɗin da ta sauko da ita makon da ya wuce ta ɓace, alhali rukunin ne ya naɗe a gabanta, kibiya ɗaya aka taɓa takardar ta fito. Wanda ba ya son wannan rabe-rabe sai ya danna dama a fili cikin foldar, ya zaɓi "Group by", ya zaɓi "None".

Akwai kuma lokacin da kwamfuta take daina tuna komai, duk yadda aka gyara. Windows tana rubuta sigar kowace folda da aka taɓa buɗewa a cikin rajistarta, wato "Registry", ma'ajiyar da take adana saite-saitenta, a wurare biyu masu suna Bags da BagMRU, kuma a ƙa'ida folda 5000 take riƙewa. A kwamfutar gida wannan adadi yana da yawa, amma a shagon da ke kusa da babbar makaranta, inda ɗalibai ke layi kowa da filashinsa tun safe har dare, ba abin mamaki ba ne wurin ya cika ko bayanan su cakuɗe. Matakin farko shi ne a danna "Reset Folders", wanda ke nan kusa da "Apply to Folders". Idan bai yi ba, ƙwararre yana iya buɗe rajistar ya goge waɗannan wurare biyu, ya sake kunna kwamfutar, ita kuma ta sake gina su daga farko, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya na mai kaya ba. Ina jaddada cewa wannan aikin gwani ne, kuma wajibi ne ya fara ajiye kwafin rajistar kafin ya goge wani abu, domin kuskure a nan yana iya hana kwamfuta tashi. Abin takaici shi ne, wannan aiki na 'yan mintoci shi ake gudu a je a yi fomat na rabin yini.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne batun filashi. Kowa a wannan sana'a ya san cutar da ke ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, masu ɗan kibiya a kusurwar gunki. Ɗalibi zai zo da filashin da aikinsa na kammala karatu yake ciki, a buɗe a ga wayam, sai yaron shago ya ce masa ya yi haƙuri, ya danna fomat a gabansa. A nan ne ake yin ainihin asarar, domin kafin wannan dannawa aikin yana nan. Shaidar kuwa ba ta da wuyar samu: a duba "Properties" na filashin, idan ya nuna akwai wurin da kaya suka cinye alhali ba a ganin komai, to an ɓoye su ne. A shafin "View" ɗin nan dai, a zaɓi "Show hidden files, folders, and drives", a kuma cire alamar da ke kan "Hide protected operating system files", domin cutar takan yi wa kayan mutane tambarin kayan tsarin kwamfuta, ta yadda zaɓin farko shi kaɗai ba ya fito da su. Za a ga folda sun bayyana a dushe. Kada a taɓa gajerun hanyoyin nan ko kusa, domin danna su ne yake tayar da cutar. A fara wanke filashin da manhajar kariya, a kwashe kayan zuwa wuri mai aminci, sa'annan idan ana so a yi masa fomat. Waɗanda suka iya rubuta umarni suna iya cire tambarin ɓoyewar da umarnin attrib. Bayan an gama sai a mayar da alamar da aka cire, don kada wani ya ga fayilolin tsarin kwamfuta ya ɗauka shara ce ya goge.

Wannan ya kawo ni ga saiti guda da nake ganin bai kamata a bar kowace kwamfutar shago ko ta ofis ba a gyara shi ba. A yadda Windows take zuwa, tana ɓoye haruffan ƙarshe na sunan fayil, waɗanda su ne ke faɗin ko takarda ce, ko hoto, ko manhaja mai gudana. Masu ƙirƙirar cuta sun daɗe suna cin moriyar wannan. Cutar nan da aka sani da ILOVEYOU, wadda ta taso daga ƙasar Filifin a watan Mayun 2000 ta mamaye kwamfutoci miliyoyi a duniya, da wannan dabara ta yi aiki: sunan fayil ɗin yana ƙarewa da TXT, alamar fayil ɗin rubutu, sa'annan vbs, alamar manhaja mai gudana, aka ɓoye na ƙarshen, mutane suka ɗauka wasiƙa ce suka buɗe. Har yau dabarar ba ta tsufa ba, domin a filashin da ke yawo a garin nan ana samun abu mai gunkin folda, ruwan ɗorawa sak, alhali manhaja ce mai ƙarewa da exe. Idan aka cire alamar "Hide extensions for known file types" a shafin "View" ɗin nan, aka kuma bar folda a sigar "Details", layin "Type" zai rubuta "Application" a inda ya kamata ya rubuta "File folder", sai asiri ya tonu kafin a danna. Shi ya sa nake ganin, ga duk wanda ke karɓar filashin jama'a, wannan siga ita ce ta fi cancanta, ko da ba ta kai manyan hotuna kyan gani ba. Tana kuma taimaka wa masu yi wa mutane rajista ta intanet, inda shafi zai ce hoto nau'in jpg kaɗai yake karɓa, a yi ta fama ba a san wanda ke hannu png ba ne.

Ba ina cewa babu ranar fomat ba ne. Akwai cutar da ke shiga jikin tsarin kwamfuta har ba ta fita sai an goge, kuma tun da Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kamar yadda ta daina wa Windows 7 a watan Janairun 2020, mutane da yawa za su buƙaci a sake musu manhaja. Amma ko a nan haƙƙin mai kaya ne a gaya masa gaskiyar abin da ke damun kwamfutarsa, a kwashe masa takardunsa tukuna, domin amana ce ya kawo, kuma kuɗin da aka karɓa a kan gyaran da ba a buƙata ba halal ba ne.

Ina kira ga makarantun koyar da kwamfuta da ke unguwanninmu, waɗanda ke shafe watanni suna koyar da buga rubutu da lissafi, su ware ko da darasi ɗaya ne kan File Explorer, a zaunar da ɗalibi a ɓoye masa folda da gangan a ce ya nemo ta, a canja mata gida a ce ya mayar. Iyayen gida masu shaguna su ma su hana yaransu danna fomat a kan filashin kowa sai sun nuna wa babba. Idan jaridarku za ta riƙa ware ɗan gurbi lokaci-lokaci domin irin waɗannan tambayoyi na masu karatu, a shirye nake in ba da gudummawa gwargwadon sanina.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wani mai shagon kwamfuta,
Tudun Wada, Kaduna.